Fenti Bai Bushe Ba

Yana kan tsani, buroshi a hannu, yana sake shafa wa bangon fenti, sai waya ta yi ƙara a aljihunsa. Matarsa ce.

"Baban yara, ka dai san yau wata ya ƙare ko?"

"Na sani."

"To, ni da ƙanwata muna nan tafe kafin azahar. Za ta auna ɗakin, ta ga inda kekunan ɗinkinta za su zauna."

"Haba, ki ƙara mini mako ɗaya mana. Wannan shuɗin ya yi duhu, mutum zai shigo ya ji gabansa ya faɗi. Kin san da muguwar rawa gara ƙin tashi."

"Kai kam ko gangar ba ka bari an kaɗa ba," in ji ta, ta kashe wayar.

Ɗakin yana saman wani kantin magani, gadonta ne na wajen uba. Da ya yi ritaya ta ba shi makullin, bisa sharaɗin ya yi abin da ya daɗe yana faɗa: ya buɗe wurin horar da masu neman aiki yadda za su fuskanci intabiyu. Aikin da ya sani ke nan. Fiye da shekara ashirin ya yi a ofishin ɗaukar ma'aikata na wani kamfani, yana zaune bayan tebur, mutane na shigowa da gumi a goshi suna fita da shi. A can suka sa masa suna Sai-An-Gyara, don ba takardar da za ta ratsa teburinsa ba ta koma da wannan kalmar ba. Sunan ya biyo shi har gida.

Tun bara yake shiri. Ya tsara darussa na wata uku, ya rushe, ya sake. Ya sayi kujeru, ya mayar saboda suna ƙara in an zauna. Allon sunan wurin da aka rubuta masa yana jingine a lungu cikin leda, wai harafin ƙarshe ya ɗan karkace. Har yau ba wanda ya taɓa hawo matakalar nan da sunan neman horo. Da haƙurin matar ya ƙare ta ce, in wata ya mutu ɗakin yana nan wayam, ƙanwarta tela za ta karɓa.

Ya tsoma buroshi ke nan sai ya ji takun mutum a matakala, a hankali, kamar mai shawarar komawa. Wani magidanci ya leƙo, kakkaura, cikin farar riga da ta sha guga har ta gaji.

"Salamu alaikum. Mai kantin magani ne ya ce in hawo. Wai kai ne malamin intabiyu."

"Wa alaikumus salam. Ai ba mu buɗe ba tukuna."

"Ga ƙofa kuwa a buɗe, ranka ya daɗe."

"Don fenti ya sha iska ne. Ka dawo nan da mako biyu."

Mutumin ya murza hularsa a hannu. Ya ce shi direban bas ne, motar da yake ja an sayar da ita. Wani asibiti na neman direban motar ɗaukar marasa lafiya, kuma yau da ƙarfe biyu aka kira shi. "Sau biyu ina zuwa irin wannan. Da sun ce in ba su labarin kaina, sai harshena ya mutu kamar batir. Yara huɗu gare ni, Malam."

Sai-An-Gyara ya dubi tebur, an lulluɓe shi da tsofaffin jaridu. Ya dubi agogo. Darasinsa na farko kaɗai awa biyu ne, kuma bai gama gyara shi ba. Ya buɗe baki zai ce a yi haƙuri, sai ya ga mutumin har ya fara juyawa, kafaɗa a sake, alamar wanda ya saba jin haka.

"Dakata. Fita ka sake shigowa, kamar nan ne asibitin."

Ya yaye jaridun, ya zauna bayan tebur a kan kujera ɗaya tilo da ke ɗakin, ya haɗe rai. Jikinsa ya tuna aikin tun kafin shi ya tuna. Direba ya shigo.

"Ba ka ƙwanƙwasa ba. Koma."

Ya koma, ya ƙwanƙwasa.

"Idonka na ƙasa. Wa ya ce ka matso? Cire hannu daga aljihu. Ɗaga murya. Ba haka ba, ihu kake yi yanzu."

Kafin a je ko'ina gumi ya jiƙa farar rigar. Da aka zo "ba mu labarin kanka," direba ya ce sunansa, daga nan harshensa ya mutu. Fanka na juyawa. Daga ƙasa ana jin mai kanti yana yi wa wata bayanin yadda za ta sha magani.

Sai-An-Gyara ya san fuskar nan. Ya gan ta sau ba adadi daga bayan tebur, kuma duk lokacin da ya gan ta, biro yake ɗauka ya ja layi a kan sunan mai ita. Hannunsa har ya kai aljihun gaba yana laluben biron. Ya tsaya. Mutumin nan ba don a ja masa layi ya hawo matakala ba.

Ya taso, ya jawo bokitin fenti biyu da ba a fasa ba, ya zauna a kan ɗaya, ya nuna wa direba ɗayan.

"Manta da asibiti. Ka taɓa ɗaukar mara lafiya a motarka?"

"Kai, sau nawa! Akwai wata mai naƙuda ma, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Fasinjoji na ta ihu, 'Direba taka wuta!' Na ce musu wallahi ba zan taka ba. Hanyar duk ramuka, in na yi gudu a cikin mota za ta haihu, ko mu kwana a kwata gaba ɗaya. Na bi ta bayan kasuwa, ta fi nisa amma shimfiɗe take. Ina tafe ina yi wa mijin hira don ya daina jijjiga mini kujera. Muka isa lafiya. Namiji ta haifa."

Yana magana hannuwansa na juya sitiyarin da babu, idonsa tsaye a kan na mai tambaya, murya daidai.

"To, ai shi ke nan," in ji Sai-An-Gyara. "In sun ce ba mu labarin kanka, wannan za ka ba su."

"Wannan? Ai hira ce."

"Ita suke nema, ba su dai san yadda za su tambaya ba. Ni na zauna a kujerarsu. Sake faɗa, amma ka bar zancen kwata."

Suka maimaita. A karo na biyu direba ya yi tuntuɓe a tsakiya, ya ce "yauwa" wajen sau biyar. Kalmar nan tasa ta "sai an gyara" ta taso wa Sai-An-Gyara har baki. Ya haɗiye ta. "Ya yi," ya ce, shi kansa ya ji baƙon abu a bakinsa.

Ba su ji hawowar matan ba. Matarsa na tsaye a bakin ƙofa, ƙanwarta a bayanta da tef ɗin awo rataye a wuya.

"Yaya, baƙo ka yi?" in ji ƙanwar.

"Ɗalibi ne," in ji direba da kansa, yana miƙewa. Ƙafarsa ta yi sanyi saboda zaman bokiti, ya dafa bango. Da ya ɗago, tafin hannunsa shuɗi shar.

"Innalillahi! Da wannan zan gaisa da su?"

Aka aika ƙasa, mai kanti ya kawo kananzir da auduga. Matar Sai-An-Gyara ce ta riƙe wa direba hannun riga kada ya ɓaci, tana dariya ƙasa-ƙasa. "Ka je haka, bawan Allah. Direban da ba ya warin mai, ai shi ne abin tuhuma."

A bakin matakala direba ya juyo. "Malam, akwai abokaina biyu a tasha, su ma an kira su wani wuri mako mai zuwa. In ce su zo yaushe? Na ji ka ce sai an buɗe."

Sai-An-Gyara ya dubi allon da ke cikin leda, ya dubi bangon da rabinsa duhu rabinsa haske. Matarsa na kallonsa.

"Su zo gobe da safe."

Ƙanwar ta zare tef daga wuya, ta naɗe shi a yatsu. "Ni dai an sa na biya kuɗin mota a banza. Yaya, ka sayi kujeru don Allah, kada mutane su riƙa tashi da zanen bokiti a wando."

Bayan sun sauka, ya tsaya gaban bangon. Ga sawun hannun direba nan, yatsu biyar ɓaro-ɓaro, daidai inda duk mai shigowa zai fara kai ido. Shafa ɗaya za ta share shi. Ya ɗauki buroshin, ya ɗaga, fenti na ɗiga a kan jarida.

Sai ya jefa shi cikin ruwa, ya rufe bokitin, ya je lungu ya fara yage ledar allon.