Ramin da Shugaba Ta Gina

Tun da aka fara taro Shugaba ta kasa zama. Ta gyara labule, ta ƙara fanka, ta rage, ta sake leƙawa ta taga. A ƙasa ƙanenta Auta, direbansu, yana goge motar ƙungiya yana fito, bai san hawa ba bai san sauka ba.

Yau ƙungiyarsu, mai kai marasa lafiya asibiti kyauta, za ta amince da ƙa'idojin ɗa'ar aiki. Ita ta matsa a rubuta su, ita kuma ta cusa dokar da ta hana kowa aiki a ƙarƙashin ɗan'uwansa ko surukinsa. Ma'aji ta haƙa wa ramin, don ya cika ofis da surukansa kamar gidan gado. An ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. A lokacin shaf ta manta Auta ma'aikaci ne. Tun ƙungiyar ba ta da ko kujera yake ɗauko majinyata a babur ɗinsa, albashi daga baya ya zo.

Ma'aji kuwa bai manta ba.

"Ni na yarda," in ji shi, yana murmushi. "Surukaina su tafi. To, direba fa, ranki ya daɗe? Ko dai mu goge dokar, kowa ya huta?"

Shugaba ta dubi taga. In ta goge, ta zubar da girmanta, ofis ya ci gaba da zama na dangi. In ta bari, da wane baki za ta gaya wa Auta, ga mata ga yara? Ta zauna, ta tashi, ta zuba ruwa a kofi ba ta sha ba.

"A bar ta," ta ce, ta ɗaga hannu. Sauran suka bi ta.

Sai ta ciro makullin ofis daga jaka ta ajiye a tebur. "Direba na nan. Ku nemi wata shugabar."

Murmushin Ma'aji ya bushe.

Tana saukowa Auta ya buɗe mata ƙofar mota. "Yaya, har kun gama? Gida ko asibiti?"

Ta dubi kujerar gaba da ta saba zama, ƙwalla ta cika mata ido.

"Rufe, Auta. Motar ma'aikata ce. Nuna mini inda ake hawa ta haya."