Hular Angon Lamisula

Ba'ana ya dafa Alƙur'ani a gaban matarsa Kellu, ya rantse ba zai ƙara yin caca da kuɗi ba, kuma tsakani da Allah bai karya ba. Sai dai agogonsa ya tafi, takalmin Sallarsa ya bi baya, tunda su ba a ambace su a rantsuwar ba.

Tun da suka gudo daga Bama suka kama ɗaki a unguwar Abbaganaram, allurar Kellu ke ciyar da su. Wani ɗan kasuwa a unguwar Lamisula, Garzali, ya ba ta aikin hular da zai sa ranar ɗaurin aurensa, ya ce in ta yi kyau, abokansa duk wurinta za su zo. Ta yi watanni a kanta. Ana jibi biki ta sa ta a leda ta miƙa wa mijin.

"Baban Imran, kai tsaye. Ban da gindin bishiya."

"Haba Kellu, sai ka ce yaro!"

A cewarsa, hanya ce ta cuce shi. Sojoji sun rufe titi, ya karkata da kekensa ta lungu, lungun kuwa bai ɓulla ko'ina ba sai gindin darbejiyar da Pindar, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ke raba karta. Ba'ana ya tsaya gaisuwa. Gaisuwa ta zama kallo, kallo ya zama a raba da shi sau ɗaya tak. Kafin la'asar hular ango tana kan Pindar, kuma abin haushi ta zauna masa daram.

"Sa keken mana," in ji Pindar. "In ka ci, ka tafi da su duka."

Tun da aka hana babur a garin, keken nan ne ƙafar Ba'ana. Tafin hannunsa har ƙaiƙayi yake yi. Sai ya hango kansa yana shiga gida ba hula ba keke, ya miƙe ya ja abinsa ko sallama babu.

Ya faɗa mata gaskiya, ya sunkuyar da kai yana jiran masifa. Kellu ta miƙe. Ta yafa lafayarta ta ce ya kai ta Lamisula. Ya laɓe a gefen shagon Garzali, ya ji ta da kunnensa.

"Alhaji, laifina ne. Ban gama ba. Ka nemi wata."

Garzali ya ce dama an gargaɗe shi da ba 'yan gudun hijira aiki. Ta ce ya yi haƙuri.

Kunya ta rufe Ba'ana, ya ji da ma zaginsa ta yi a gaban unguwa. Da suka isa gida ya zauna a bakin tabarmarta.

"Kellu, koya min ɗinkin nan."

Ta miƙa masa allura.

"Fara da zura min zaren. Ni idona ya tafi da ɗinkin waccan hular."