Mai Ƙafa Uku a Gezawa

Kowa ya tambayi Alhaji Zaharaddini dalilin sayen ƙaton babur mai ƙafa uku, sai ya ce don shan iska ne. Bai taɓa gaya wa kowa cewa tun da hawan jini ya taɓa masa ƙafar hagu, mai ƙafa biyu ya gagare shi ba.

Ranar kasuwar Gezawa ya tsaya sayen rake, sai ga wani gurgu, Tasi'u, a kan ɗan baburinsa mai ƙafa uku, ƙirar masu walda. Ya faka kusa da shi yana fara'a.

"Sannu ɗan'uwa! Shan inna ne ko hatsari?"

Ran Alhaji ya ɓaci. "Malam, wannan na yawon shaƙatawa ne, daga waje aka kawo shi."

Tasi'u bai ji haushi ba. Ya zagaya babur ɗin, ya shafa kujerar, ya ce ta fi katifarsa laushi. Ya yaba da giyar baya. Faɗinsa ne kawai bai yi masa ba, ya ce ba zai bi hanyar gona ba sai ya tattake wa mutane gyaɗa.

Sannan ya rage murya. "Amma in ka tsaya, ba ya kayar da kai, ko?"

Alhaji ya dubi ƙafarsa ta hagu.

"Ba ya kayarwa."

"To ai shi ke nan, Alhaji. Nawa ma haka."

Alhaji ya karya raken biyu, ya miƙa masa rabi.