Taswirar da ta kai Muddassir kabarin Inna

Muddassir ya daɗe rabonsa da ƙauyensu na wajen Korgom, har hanyar ta ɓace mashi. Da labarin rasuwar innarsa ya same shi, ya ari moto, wato babur, a Tasawa, ya kunna taswirar kyauta da ke cikin salularsa. Muryar mace ce da Faransanci. Ta ce dama, ya yi dama, ta ce hagu, ya yi hagu. Ba abin da yake ji sai zafin inji a ƙafarsa.

Ta bi da shi hanyar amalanke, rairayi ya riƙe taya, ya sauka ya tura. Kafin ya iso an rufe innar.

Wansa Ya'u ya kai shi maƙabarta, ya nuna mashi tudun ƙasa mai danshi.

"Ga ta nan. Duba da kyau, damina ɗaya za ta baje wurin."

Muddassir ya yi addu'a, hawaye bai zo ba. Ya ciro salular, ya danna inda yake tsaye, taswirar ta nemi sunan wurin. Ya rubuta "Inna", sannan ya bi wansa suka koma wajen masu gaisuwa.