Kunnen Nandi

Valliammai ta sauka daga bas da ciwon gwiwa, ta tarar an zagaye gunkin Nandi na haikali da shingen ƙarfe. Tun tana yarinya, duk mai buƙata sai ya toshe kunne ɗaya na wannan bijimin dutse da tafin hannu, ya raɗa masa damuwarsa a ɗayan, bijimin kuma ya kai wa Shiba, abin bautarsu. Yanzu masu yawon buɗe ido sun ishe shi da hawa don ɗaukar hoto, har an killace shi.

Tata buƙatar kuwa ba ta faɗuwa da ƙarfi. Mijinta Karuppaiya ya daɗe kwance, jiki ya shanye, baya duk gyambo. Ita ke juya shi, ita ke wanke shi. Ta gaji, shi ma ya gaji. Ta zo roƙon a ɗauke shi ya huta.

Mai gadin wurin Murugesan ne, ɗan ƙanwar mijin, yana ta busa usur kan wasu baƙi masu jan wuya da rana ta gasa.

"Inna! Ke da wa kika bar Kawu?"

"Da maƙwabta. Buɗe min, ɗan nan."

"Ki rufa min asiri. In na bar ki, waɗancan za su bi ki kamar tumaki, gobe ina gida."

"Ni na yi maka kama da mai hawa bijimi? Matakalar bas ma da ƙyar na hau."

Ya yi dariya, ya share gumi. "Ni ina shiga shara. Faɗa min, in kai masa."

Kunya ta kama ta, amma ba ta da ƙarfin sake wata tafiyar. Ta jawo kansa, ta toshe masa kunne ɗaya, ta raɗa. Dariyar ta bar fuskarsa.

Ya shiga da tsintsiya, ya sunkuya a kunnen dutsen, baƙi na ta ɗaukarsa hoto. Da ya fito, bai yarda sun haɗa ido ba.

"Ka faɗa?"

"Na faɗa, Inna."

"Yadda na ce?"

Ya juya usur a hannu. "Kawuna ne fa. Na ce a ƙara masa kwana."

Ba ta yi faɗa ba, ba ta da sauran ƙarfin yi. Ta gyara zanenta na sari, ta nufi tasha, don lokacin juya Karuppaiya ya wuce.