Dutsen Magdalene

Ana loda kayan ƙarshe a motar gwamnati Ilyasu ya lura tsohuwar ba ta motsa ba. Shi ne jami'in da aka turo ya kwashe kasuwar ƙauyen, domin ta nan titin sabon babban birni zai ratsa. Ita kuwa Magdalene mai doya tana zaune a kan wani faffaɗan dutse a gindin ɗorawa.

"Mama, ke kaɗai ake jira."

"An ce a Ingila ka yi karatu, Oga. Suna da kasuwa can?"

Bai yi niyyar amsawa ba, amma bakinsa ya riga shi. Ya ba ta labarin ƙaramin garin da ya zauna a can: duk Alhamis kasuwa na ci a tsakiyar gari, kusa da coci, ƙarƙashin wani agogo mai latti da suka ƙi yarda a gyara. Mutanen ba su iya gaisuwa ba, sai mitar ruwan sama, amma mahaucinsu ya san sunan karen kowa. Inda kakan mahaucin ya tsaya, nan shi ma yake tsayawa.

"Tun yaushe?"

"Ɗaruruwan shekaru."

"Su ba su da gwamnati ne?"

Ilyasu ya nuna mata motar.

"Zan shiga mota," ta ce, "amma da dutsen nan. A kansa uwata ta yi ciniki, a kansa ta ba ni nono."

Direba ya leƙo ta taga. "Oga, ba wuri fa! Dutse ya ƙare a duniya ne?"

Ilyasu ya nufi dutsen. Ya naɗe hannun riga, ya ciccibi dutsen da ƙyar, zai aza a ka.

"A'a, ɗana! Mu Gbagyi ba ma ɗora wa kai kaya. Kai na tunani ne. Sa a kafaɗa."

Ya sa a kafaɗa, ya kai shi har cikin mota. Ta hau, ta zauna a kai, ta juya wa kasuwar baya. Har motar ta ɓace ba ta waiwayo ba.

Ya koma gindin ɗorawar. Gurbin dutsen na nan da danshi, tururuwa na ta kwasar ƙwayayensu, kowace da inda ta nufa.

Mai katafilar da za ta rushe kasuwar ya tayar da inji. "Oga, mu fara?"

Kafaɗar Ilyasu na zogi. Sannan ya gyaɗa kan nan da aka ce na tunani ne.