Yatsun Sodangi

"Ƙara dannawa, amma kada ka fasa mini gilashi," in ji ma'aikaciyar.

Sodangi ya sake ɗora babban yatsansa a kan 'yar na'urar, ya danna har jijiyoyin hannunsa suka miƙe. Fitilar ta yi ja. Aka gwada manuniya, aka gwada na tsakiya, aka koma hannun hagu, fitila dai ja. Mutanen da ke layi a bayansa a ofishin fasfo na Sakkwato suka fara leƙe, wani har yana ba shi shawarar ya hura wa yatsan iska.

Ma'aikaciyar, wadda aka rubuta Turai a ƙirjin rigarta, ta ce ya buɗe tafin hannunsa ta gani. Da ta duba sai ta ajiye biro ta yi dariya, ba ta raini ba. Fatar ta yi kanta kamar ƙasan takalmi, zanen yatsun duk ya shafe, sai tsage-tsage baƙaƙe da man inji ya zauna a ciki. Ta tambaye shi sana'arsa, ya ce noman rani yake yi a Kwargaba ta ƙasar Wurno, albasa da tafarnuwa, shi ne kuma mai gyaran injin ban-ruwa na duk gonakin da ke kusa da tasa.

Wannan aikin ne ma ya kawo shi ofishin. Ɗan baffansa Lukman, wanda ke aiki a wata babbar gonar kamfani a ƙasar Oman, ya nuna wa shugabansu bidiyon yadda Sodangi ke tsara kwamin albasa da rabon ruwa, aka ce ana son sa. Takardar ɗaukar aiki ta iso, da wa'adin da za a tura lambar fasfo kafin ƙarshen wata, in ba haka ba a ba wani gurbin. Lukman ya jera masa matakan a saƙon murya: fasfo, gwajin lafiya, biza, in ya sauka kuma a yi masa rajistar wurin kwana da katin izinin zama. Duk Sodangi ya haddace su. Bai taɓa zaton a matakin farko yatsunsa za su tsaya masa ba.

Malama Turai ta ce ba shi ne na farko ba, magina da masu wanki ma haka suke fama. Ta ce ya koma gida ya hutar da hannun, ya yi ta shafa mai, ya dawo mako na sama. Ban da fartanya, ban da taki, ban da fetur, kuma kada wani ya ruɗe shi ya sa lalle.

"Hajiya, albasata ta nuna, makon ga za a cire ta."

"To zaɓi ɗaya, Malam Sodangi. Ko albasa ko jirgi."

Da la'asar ya isa gida. Mahaifiyarsa, Inna Uwaliya, tana zaune a tsakar gida tana tsinke zogale, matarsa Aziza na kwashe shanya. Ya ba su labari yana sosa ƙeya, yana tsammanin za a taya shi jimami. Aziza ta juya baya, kafaɗunta na rawa saboda dariyar da take dannewa. Inna ba ta yi dariya ba. Ta kama hannunsa ta jujjuya kamar mai tayin kaza a kasuwa.

"Mi na'urar tac ce? Ba ta gan ka ba?"

"Ba ta gan ni ba, Inna."

"To za ta gan ka. Zamna."

Ta shiga ɗaki ta fito da kwanon man kaɗe da take ɓoyo saboda ciwon gwiwarta. Ta sa Aziza ta ɗumama ruwa, aka jiƙa hannuwan, aka goge, aka lafta musu mai har wuyan hannu, sannan aka zura su cikin safar ƙafa sabuwa, mai zanen ja da kore. Inna ta kafa doka: ba a cire safa sai don alwala da cin abinci, ana idar da salla kuma a sake shafawa. Maganar albasa, ta aika aka kira Baffa Attahiru, mahaifin Lukman, ta ce masa ɗansa ne ya jawo tafiyar, sai ya zo ya ɗauki rabonsa na wahalar. Baffa ya sha dariya har da tari, ya ce zai tara gayya.

Kafin gari ya waye labari ya zaga Kwargaba. A ƙofar masallaci abokansa suka sa masa suna Ango, suna tambayar yaushe za a kai lefe. Wani ya miƙo masa hannu, da Sodangi ya miƙa nasa cikin safa sai ya janye, wai kada ya ɓata wa gwamnati kaya. Sodangi ya yi ta yaƙe. Mutum ne da tun tasowarsa rana ba ta taɓa fito masa a gida ba, yanzu ga shi zaune a inuwar zaure, hannuwa a kan gwiwa, kaji na kiwo a gabansa.

Ranar gayya ya kasa haƙuri, ya bi su gona da sharaɗin ido kawai zai sa. Ya tsaya a kan kunya yana ba da umarni: a bi a hankali kada a fasa ƙwaya, a jera ganyen ya rufe kan albasar saboda rana. Ba wanda ya kula shi sosai. Mutanen sun san aikinsu, Baffa Attahiru na gaba yana waƙe-waƙensa na tsofaffi, ana amsa masa. Can injin da ke ba tafarnuwa ruwa ya yi tari ya mutu. Sodangi bai san lokacin da ya isa wurin ba, har ya sa haƙori zai tuɓe safa, sai ya ji gyaran murya. Inna ce, ta biyo masu kawo fura, tana tsaye da sandarta. Nan take ya mayar da hannunsa baya. Maƙwabcin gonarsa Sale ya durƙusa, Sodangi na faɗa masa abin da zai kwance da abin da zai hura. Sale ya yi ta kuskure, Sodangi ya yi ta cije leɓe, a ja na uku injin ya tashi. Sale ya miƙe yana washe baki kamar shi ya ƙera shi.

Da yamma, da aka kawo kashin farko na albasar gida, Aziza ta baza ta a rumfa tana ware manya da ƙanana. Sodangi ya zauna kusa da ita yana kallon safar da ke hannunsa. Ta lura, ta tambaye shi ko wani abu ya lalace a gonar. Ya ce babu, abin da ya dame shi ke nan, komai ya tafi daidai ba da hannunsa ba. Shi da yake ganin in ya yi kwana biyu ba ya nan gonar za ta bushe.

Aziza ta ci gaba da warewa, ba ta ɗago ba.

"Ai gara mu koya tun kana nan kana kallo. Da ka tashi rana ɗaya ka bar mu, wa zai nuna ma Sale inda zai taɓa?"

Ya daɗe yana juya maganar. Washegari da kansa ya aika aka kira Sale, ya zaunar da shi gaban wani tsohon inji da ke ajiye a zaure, ya sa shi ya kwance shi ya mayar har sau biyu. Ya kuma nuna wa Baffa inda ruwa ke yawan ɓallewa ta gefen gabas. Kwanakin da suka rage ba su yi masa tsawo kamar na farko ba.

Da ya koma Sakkwato, Malama Turai ta gane shi tun daga layi. Ta duba tafin hannun ta gyaɗa kai, ta ce a gaishe da duk wanda ya yi wannan aiki. Ya ɗora yatsa a hankali, yana karanta abin da ya zo bakinsa. Fitila ta yi kore. Ɗaya bayan ɗaya suka shiga, ƙaramin yatsan hagu ne kaɗai ya yi gardama, shi ma ya bi 'yan'uwansa. Aka ɗauke shi hoto, aka ba shi 'yar takardar karɓa. Yana godiya yana cewa yau ko dutse ne sai ya fasa da hannun nan, sai ta ɗaga masa biro.

"Kada ka soma. Wurin biza za su ɗauka, filin jirgi za su ɗauka, ranar katin izinin zama ma sai sun ɗauka. In na'urar can ta ƙi ka, babu man kaɗe a kusa. Riƙe su haka har katin ya shiga aljihunka."

Ya fito yana dariya shi kaɗai, ya tura wa Lukman saƙo cewa yatsu sun wuce.

Motar da ya shiga ta komawa Wurno ta tsaya a Achida sauke fasinja, da direba ya murza makulli sai ta ƙi tashi. Ya ce maza su taimaka da turi. Duk suka sauka suka dafa bayan motar, ƙarfen ya sha rana, ga tsatsa ga kaifin gefen but. Sodangi ya kai hannu, ya tuna, ya tsaya. Wata tsohuwa da ke kujerar baya ta leƙo ta taga, ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai wanga ƙato, ba ka jin kunya? Tsofaffi na turi kana tsaye kamar maigari?"

Sodangi ya dubi hannuwansa, ya dubi ƙarfen motar. Sai ya juya, ya jingina bayansa da motar, ya naɗe hannuwa a ƙirji, ya kafa dugadugansa a ƙasa ya tura. Motar ta zabura har wani dattijo ya kusa kifawa, ta yi tari biyu ta kama.

Da aka koma ciki, tsohuwar ta ce ya miƙo hannunsa. Ta shafa tafin da yatsanta, ta nuna wa matar da ke gefenta, ta ce a duba, laushi kamar na jariri, wannan bai taɓa sanin ƙotar fartanya ba. Ƙarfi dai Allah ya ba shi, zuciyar aiki ce babu. Ta sake shi, ta sassauta murya kamar mai yi wa jikanta faɗa, ta ce ya daure ya nemi abin yi tun da sauran ƙuruciya, ko a gonar albasa ne, ga su nan birjik a Wurno suna neman ma'aikata.

Sodangi ya mayar da hannuwansa kan cinya, ya duba ta taga inda gonakin rani suka fara bayyana.

"To, Inna," in ji shi. "In sha Allahu zan nema."